Naɗin Zare

Shekara ashirin da shida ina wanke garken gwaji
a gefen wani ƙauye na Jutland,
inda iskar teku ke shigowa ta ƙasan ƙofa ba sallama.
Sunana Aksel. Ni ba masani ba ne.
Na dai san tarin alade da ƙarfe huɗu na asuba,
na san wanda zai tashi, na san wanda ya ci rabonsa ya gama.

Bodil Ravnholt ta zo mana daga birni
da hannaye kamar ba su taɓa ɗaukar bokiti ba.
Aka ce shekara goma sha biyu ta yi a ɗaki mai duhu
tana dallare furotin ɗaya tal da haske,
tana auna yadda yake lanƙwasa,
yadda yake warwarewa in ya ji zafi.
Na ce a raina: wannan ba za ta kai bazara ba.

Ranar farko wata uwar garke ta take mata ƙafa.
Ko uffan. Ta sosa mata bayan kunne,
daidai wurin da sai ɗan gona ya sani.
Daga baya na ji labarin:
tana 'yar shekara tara motocin hukuma suka shiga gonar ubanta,
kafin faɗuwar rana ba sauran gurnani ko ɗaya,
sai rami, da farar ƙasa,
da uban da ya daina magana a kan abinci.

Na taɓa tambayarta mene ne furotin.
Ta zare igiyar takalmina, ta cukuikuye ta a tafin hannu.
"Zare ne," in ji ta, "amma naɗin shi ne maganar.
In ya naɗu daidai, jiki ya gane baƙo tun daga ƙofa.
In ya kauce da kaurin gashi,
ɓarawo ya shige da rigar ɗan gida."
Na koma gida takalmi ɗaya na faɗuwa.

Rigakafin farko bai yi ba.
Na biyu ya yi a kwalba, ya ƙi yi a huhu.
Na uku, gawa talatin da ɗaya muka fitar a sati guda,
ita ke rubuta lambobin kunnensu,
ba ta bar ɗalibi ya taɓa littafin ba.
Kuɗin bincike ya ƙafe sau biyu.
Mijinta ya gaji da zama da kujera, ya koma Aarhus.

Sai ga Arba'in da Bakwai.
'Yar ƙarama, mai baƙin tabo a hanci.
Zazzaɓi ya kwantar da 'yan ɗakinta kaf,
ita tana tsaye tana shinshinar tuffa a aljihuna.
Shekara shida Bodil ta yi a kan jinin nan,
ɗigo-ɗigo, daga firji zuwa na'ura,
har ta hango wata 'yar lanƙwasa da sauran ba su da ita.
"Ba magani ba ne," in ji ta,
"mun dai gano inda ƙofar take."
Shafi takwas a wata mujalla.
Ta ba ni kwafi. Ban gane komai ba
sai sunana can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe.

Jiya ta ajiye aiki.
An yanka kek, an yi jawabai,
wani babba ya kuskure sunan furotin ɗin, ba ta gyara masa ba.
Ta damƙa wa Signe mabuɗin firji,
ta zo garke da kwali a hammata,
ta daɗe gaban ɗakin da tsufa ya kwashe mai shi tun bara.

Ta ce, "Aksel, igiyarka ta kwance."
Na sunkuya.
Kafin in ɗago ta kai bakin ƙofa,
dusar ƙanƙara na sauka kan furfurarta,
ba ka bambance su.

Gobe da asuba akwai ɗibar jini.
Na saita agogo.